Me Ya Ɗaure Harshen Imamu Gazali?

A watan Rajab na shekara ta 488 bayan Hijira, wato 1095 a lissafin Miladiyya, malamin da ya fi kowa suna a Bagadaza ya zauna gaban ɗalibansa zai ba da karatu, sai harshensa ya ƙi motsi. Abu Hamid Al-Gazali ke nan. Shekarunsa ba su kai 40 ba, amma shi ke kan babbar kujerar makarantar Nizamiyya, ɗalibai wajen 300 na ɗaukar karatu a wurinsa, fada kuma na neman shawararsa. Duk abin da malami ke buri ya samu. Sai ga shi ba ya iya furta kalma ɗaya ta darasi, abinci ma ya daina wuce masa. Likitoci suka duba suka ce wannan ciwo daga zuciya ya taso, ba su da maganinsa. Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa Al-Munƙizu Minad Dalal. Tambaya ce ta kwantar da shi: wannan karantarwa da yake yi, don Allah ce ko don suna da matsayi? Wata shida ya yi yana kokawa da zuciyarsa. Daga ƙarshe ya sanar da mutane cewa Makka za shi, alhali Sham ya nufa. Ya rabar da dukiyarsa, ya sauka daga kujerar, bai sake karantarwa a makarantar hukuma ba sai bayan shekara 11.

Na ɗauko labarinsa ne don in taɓa wani zato da ya zauna daram a zukatanmu, cewa falsafa aikin wanda ya ci ya ƙoshi ne ya rasa abin yi, ko kuwa ƙofa ce ta fita daga addini. Gazali bai rasa abin yi ba, addini kuwa a bakinsa mutane ke karɓa. Hasali ma shi ne ya rubuta littafin da ya fi kowanne jijjiga masana falsafar Musulmi. Amma abin da ya kwantar da shi a waccan shekara shi ne ainihin abin da ke haifar da falsafa a ko'ina: mutum ya wayi gari amsar da ya daɗe yana rayuwa a kanta ta daina gamsar da shi, ya kuma kasa yin kamar bai gani ba.

Tambayoyi iri-iri ne. In ka ce mini kilomita nawa ne daga Kano zuwa Zariya, sai mu hau mota mu duba, gardama ta ƙare. In ka ce tuwon dawa da na masara wanne ya fi daɗi, nan ma babu abin ja, kowa da bakinsa. To amma a ce an kawo buhunan shinkafar tallafi unguwa, mai unguwa ya tara dattawa a ƙofar gidansa. Wani ya ce a raba gida-gida daidai wa daida, kada a fifita kowa. Wani ya ce yaya za a ba gidan mutum uku abin da aka ba gidan mutum ashirin, a ƙirga kawuna mana. Liman ya ce a fara da gidajen marayu. Wani matashi daga can baya ya ce, "Ranka ya daɗe, mu da muka yi dakon kayan tun daga sakatariya fa?" Dukansu adalci suke nema, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Babu sikelin da za a ɗora maganganun nan a ga wadda ta rinjaya. Duk da haka ba zancen "kowa da ra'ayinsa" ba ne, domin in wani ya miƙe ya ce a ba gidansa rabin kayan saboda ya fi kowa tsawo, yara ma sai sun yi masa dariya. Ke nan akwai hujja mai ƙarfi, akwai marar ƙarfi, kuma hankali na iya rarrabe su. A wannan fili, inda awo ba ya yanke hukunci amma hujja na da nauyi, nan falsafa take aikinta.

Aristotal, mutumin Girka da ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi nazarin irin wannan zama na ƙofar mai unguwa a littafinsa na ɗabi'u. Ya lura cewa kowa ya yarda a raba abu gwargwadon cancanta, rigimar tana kan mece ce cancantar. Masu son mulkin jama'a suna cewa zama ɗan ƙasa mai 'yanci ya isa, masu kuɗi suna cewa dukiya, wasu suna cewa nagarta. Fiye da shekara 2,300 ke nan, har yau a kan wannan ake hayaniya duk lokacin da za a raba arzikin ƙasa tsakanin jihohi.

Tambayar da mai falsafa ke yi, ita ce dai ake yi a teburin mai shayi. Inda suka rabu, mai hira yana sakin ta da zarar kofi ya ƙare, shi kuwa mai falsafa sai ya bi ta har inda ta kwana. Zai ce a fayyace abin da ake nufi, a kawo dalili, a gwada dalilin da misalin da zai iya karya shi, in ya karye a amince a sake sabo. Wanda ya fi kowa shahara da wannan ɗabi'a shi ne Sukurat na birnin Atina, wanda 'yan boko suka sani da Socrates. Bai rubuta littafi ko ɗaya ba. Almajirinsa Aflatun ne ya adana mana hirarrakinsa. Yawo yake a kasuwa yana tare manyan gari da tambaya. A ɗaya daga cikin hirarrakin ya tambayi wani jagoran yaƙi mai suna Lakes mece ce jarumta. Mutumin ya ga ai wannan gidansa ne, ya ce jarumi shi ne wanda ya tsaya a sahu bai gudu ba. Sukurat ya tuna masa da mahayan da ke yaƙi ta hanyar ja da baya su jawo abokan gaba cikin tarko, ya kuma tambaye shi jarumtar mai jinya da ta matalauci, waɗanda ba su taɓa ganin fagen fama ba. Aka yi ta gyara amsa tana rushewa, aka tashi ba a cim ma matsaya ba. Amma Lakes ya koma gida ya san abu ɗaya da bai sani ba da safe: kalmar da ya yi shekaru yana tura samari mutuwa da ita, bai iya faɗin ma'anarta ba.

Manya ba sa son irin wannan. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa aka gurfanar da Sukurat gaban alƙalai kusan 500 daga cikin jama'ar gari, yana ɗan shekara 70, bisa zargin lalata tarbiyyar matasa da ƙin girmama allolin birnin. Aka yanke masa hukuncin kisa. Abokansa suka shirya masa hanyar gudu, ya ƙi, ya ce bai ga hujjar da zai karya dokar garin da ya rayu a ƙarƙashinta ba don kawai yau ta juyo kansa. Ya sha gubar da aka miƙa masa.

To me ke sa ɗan Adam shiga wannan wahala? Aflatun da Aristotal duka sun ce mafarinta mamaki ne, kuma duk wanda ya taɓa renon yaro ya san gaskiyarsu. Yaro ɗan shekara biyar zai tambaye ka ina yake kafin a haife shi, me ya sa jiya ba ta dawowa, in ya yi barci ina yake zuwa. Babu wanda ya koya masa. Mu ne muke koya masa dainawa, da "rufe mana baki" da "yaro bai san wuta ba sai ya taka". Kafin ya kai sakandare ya gane cewa tambaya na jawo tsawa, shiru kuwa na jawo yabo.

Mamaki kaɗai dai ba ya isa, domin yakan wuce. Abin da na ga ya fi tayar da tambayar a zukatan manya shi ne cuɗanya da waɗanda suka saɓa mana. Muddin kowa a ƙauyenku abu ɗaya ya yarda da shi, ba za ka san cewa ra'ayi kake riƙe da shi ba; gani za ka yi haka duniya take. Sai ranar da ka haɗu da mutum mai hankali, mai amana, wanda ya yarda da akasin naka. Ba banza ba falsafar Girkawa ta fara a Militus, tashar jiragen ruwa a gaɓar ƙasar Turkiyya ta yau, inda fatake daga ƙasashe daban-daban ke sauke kaya tare da labaransu. A can Talis ya ce asalin komai ruwa ne. Amsar ba daidai ba ce, amma ya kawo dalili, shi ya sa almajirinsa ya sami damar ja da shi da wani dalilin. Haka Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, lokacin da aka duƙufa fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci, Musulmi da Kirista da Yahudawa suna aiki a gari ɗaya.

Gazali ma ta nan abin ya fara shigarsa tun yana saurayi, shekaru kafin ciwon harshen. Ya ce ya lura 'ya'yan Kirista suna tashi Kirista, na Yahudawa Yahudawa, na Musulmi Musulmi, sai ya tambayi kansa: cikin abin da na yarda da shi, wanne na sani da gaske, wanne na gada kawai? Ya ɗauki alkawarin ba zai kira abu ilimi ba sai wanda shakka ba ta iya shigarsa. Ya fara da ido, tunda shi ya fi sauran gaɓɓai ƙarfi. Ido na kallon inuwa ya ce a tsaye take, bayan sa'a guda ka ga ta matsa, ashe tun ɗazu tafiya take a hankali. Ido na kallon tauraro ya ga bai wuce girman dinari ba, lissafi kuwa ya nuna ya fi duniya girma. Ido ya faɗi. Sai ya koma ga hankali, wanda ke cewa goma ta fi uku yawa, abu ba ya zama akwai kuma babu a lokaci guda. Nan wata tambayar ta tare shi: da hankali ka ƙaryata ido, to wa ya ba ka tabbacin babu wani alƙali sama da hankali da zai ƙaryata shi? Mai mafarki ai ba ya shakkar abin da yake gani sai ya farka. Kusan wata biyu ya yi a wannan hali, kuma ya faɗa ƙarara cewa ba hujja ce ta fitar da shi ba, haske ne Allah ya jefa masa a zuciya. Bayan fiye da shekara 500, a 1641, Bafaranshen nan Dekat ya buga littafi inda ya bi kusan wannan hanya, har da misalin mafarki, Turawa suka ɗauke shi uban falsafar zamani.

Mai karatu na iya cewa wannan ai wasan ƙwaƙwalwa ne. To a tuna watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin dare ɗaya saƙo ya zaga Najeriya cewa a tashi kafin gari ya waye a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. 'Yan'uwa suka yi ta tayar da juna a waya, masu digiri da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba duk suka ɗora ruwa a wuta. Mutane suka kwanta asibiti, har aka ba da rahoton rasa rayuka. Abin da aka rasa a daren nan tambaya ce guda, wadda Gazali ya yi wa idonsa: ta yaya na san wannan gaskiya ne? Wa ya faɗa, shi kuma daga ina ya samo? Yau da ake iya haɗa bidiyon mutum yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, a tura shi WhatsApp ya kai Agadas kafin azahar, wannan tambaya ta zama abin tsare rai da mutunci.

Sai kuma masifa. Ita ce ke sa wanda bai taɓa tunanin irin waɗannan abubuwa ba ya kwana ido biyu. Ni malamin makaranta ne, kuma tambaya mafi nauyi da aka taɓa yi mini a aji daga bakin wata yarinya ta fito, 'yar babbar sakandare, wadda yayanta ya rasu a haɗarin mota ana saura kwanaki kaɗan jarrabawa. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in an riga an rubuta wanda zai ci da wanda zai faɗi, da ranar da kowa zai mutu, to karatun na mene ne? Kuma direban da ya yi gudun, laifinsa ne ko ba laifinsa ba ne?" Ajin ya ɗauki salati, wasu na cewa ta yi istigfari. Ni kuwa ban ga saɓo a fuskarta ba, baƙin ciki na gani da hankali mai aiki.

Na ba su labarin Sayyidina Umar lokacin da ya nufi Sham aka tare shi a hanya da labarin annoba. Ya shawarci Muhajirai, ya shawarci Ansar, ya yanke a juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su, amma wannan bai hana shi zaɓen mai ciyawar ba. Na gaya musu cewa tambayar 'yar'uwarsu ta raba kan manyan malamai ƙarnuka. Jabariyya suka ce mutum ba shi da zaɓi ko kaɗan. Mu'utazilawa suka ce shi ke samar da ayyukansa. Imamu Ash'ari ya bi tsakiya, ya ce Allah ke halittar aiki, bawa kuma shi ke tsiwirwirarsa, a kan haka ake yi masa hisabi. Masana falsafar Turai ma har gobe suna kan wannan gardama, sai dai su da dokokin halitta da aikin ƙwaƙwalwa suke yin ta.

Abin da ya sa na daɗe a nan shi ne, amsar da al'umma ta riƙe kan wannan batu tana kashewa tana rayawa. Jirgin ruwa ya ɗauki ninkin abin da ya kamata ya ɗauka, ya kife da mata da yara. A zaman makoki a ce kwana ne ya ƙare, sai haƙuri. Gaskiya ne kwana ya ƙare, kuma haƙuri wajibi ne. Amma in maganar ta tsaya nan, ba a tambayi wanda ya yi lodin ba, ba a tambayi wanda aka ɗora wa duba jiragen ba, to mun ɗauki mazhabar Jabariyya ba tare da mun taɓa jin sunanta ba, alhali a littattafan tauhidinmu ɓata ce. Wannan shi ne dalilin buƙatar falsafa da ya fi ƙarfi a wurina. Babu mutumin da ba shi da falsafa. Wanda ya ce "duniya ta mai ƙarfi ce" ya yanke hukunci kan adalci. Wanda ya ce "kowa ɓarawo ne, dama ce bai samu ba" ya yanke hukunci kan ɗabi'ar ɗan Adam, kuma da wannan hukunci zai riƙe amanar ofis ranar da aka ba shi. Waɗannan ra'ayoyi kamar azarar ɗakin soro suke: a ƙarƙashinsu muke kwana, ba ma ɗaga kai mu dube su, sai damina ta yi nauyi a gane gara ta cinye su tun tuni.

Yanzu bari in fuskanci tsoron da ke zukatan iyaye da malamai, domin ba tsoron banza ba ne. Akwai waɗanda suka shiga wannan fage da ƙaramin sani da babban girman kai suka fito ba su riƙe komai ba. Gazali ya san haka. A littafinsa Tahafutul Falasifa ya ɗauki mas'aloli 20 ya yi wa su Farabi da Ibn Sina raddi, ya ce a guda uku maganarsu kafirci ce: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san abubuwa ɗaiɗaikunsu ba sai a dunƙule, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Amma a duba yadda ya yi. Sai da ya karanci iliminsu har ya ƙware, sannan ya yaƙe su da makaminsu na hujja. Bai haramta lissafi ba, bai haramta manɗiƙi ba, wato ilimin auna hujja. Ya ma yi gargaɗi cewa wanda ya musa lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini, addinin yake cuta, domin masanin da ya tabbatar da lissafinsa zai zaci Musulunci a kan jahilci aka gina shi. A littafinsa na usulu, Al-Mustasfa, ya nuna cewa wanda bai san manɗiƙi ba, ba a sakankance da iliminsa. Daga baya Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani mas'ala bayan mas'ala. Shi ma ba baƙo ba ne a wurinmu: alƙalin Malikiyya ne, kuma shi ya rubuta Bidayatul Mujtahid da ɗaliban fiƙihu ke karantawa a ƙasar nan.

Wannan muhawara ta iso ƙasar Hausa tun da daɗewa. Shehu Magili, mutumin Tilimsan da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, wanda ya rubuta wa sarkin littafi kan yadda ake mulki, masanin manɗiƙi ne, yana da rubutu a fannin. Imamu Suyuɗi na Masar, wanda shi ma ya aiko wa sarakunan wannan yanki wasiƙar nasiha har da na Katsina, yana ganin manɗiƙi haramun ne saboda daga Girkawa ya fito. Suka yi musayar baitoci a kai, Ahmad Baba na Tumbutu ya adana su. Matsayin Magili shi ne a auna magana da gaskiyarta, kada a auna ta da wanda ya faɗe ta, kuma gaskiya abar karɓa ce ko daga hannun wa ta fito. Manya biyu ne suka saɓa, babu wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga Musulunci.

A zaure ma abin yana nan, sai dai ba mu kira shi da sunansa. Duk wanda ya karanta Ummul Barahin ta Imamu Sanusi, wanda ya rasu a 1490, ya san da me ta fara: hukuncin hankali kashi uku ne, wajibi da mustahili da ja'izi. Abin da hankali ba ya ɗaukar rashinsa, da abin da ba ya ɗaukar samuwarsa, da abin da duka biyun ke yiwuwa. Kafin a koya wa almajiri siffofin Ubangiji, sai an fara gyara masa ma'aunin tunani. Da wannan ilimi ya wuce gona da iri a hannun wasu ɗalibai, suka riƙa tsare talakawa da tambayoyin tauhidi suna kafirta wanda ya kasa kawo hujja, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya taka musu burki da rubuce-rubuce, ciki har da Hisnul Afham. Hujja ya yi amfani da ita ya nuna musu iyakar hujja. Kuma a gidansa aka sami jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, ɗan Nana Hadiza, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864. Ya zauna a Salame, ya yi rubutu a tarihi da sufanci da falsafa tsantsa, kamar Kulliyatul Alamis Sitta, inda ya tattauna ruhi da jiki da asalin abin da halittu suka ginu a kai. Bajamushen matafiyi Barth ya sadu da shi a 1853, ya bayyana shi a matsayin mafi ilimin mutanen Sakkwato na zamaninsa. Yana ba ni takaici ƙwarai cewa ɗalibinmu na jami'a zai iya kawo sunan Dekat, amma bai taɓa jin ɗan Tafa ba.

Ba na cewa falsafa za ta ba kowa amsa. Sau da yawa ba ta bayarwa, Lakes ma hannu biyu ya koma gida. Ba ta maye gurbin wahayi ga mai imani, ba ta maye gurbin ɗakin gwaji ga likita. Abin da take yi shi ne ta hana mutum ruɗin kansa da kalmomin da bai tantance ba, ta koya masa bambance "na sani" da "na ji an ce", ta ba shi juriyar sauraron hujjar abokin gardama har ƙarshe kafin ya buɗe baki. Duk wanda ke leƙa muhawarorinmu a Facebook, kan addini ko siyasa, ya ga abin da rashin wannan ke jawowa: ana fara magana kan mas'ala, kafin layi uku an koma zagin iyaye.

Kusan kowane yaro a makarantun Islamiyya da na zaure ya karanta Ahlari, ɗan littafin tsarki da salla. Kaɗan ne suka san cewa mawallafinsa, Abdurrahman Al-Ahdari na ƙasar Aljeriya, yana da wani ɗan littafin a manɗiƙi mai suna Sullam. Baitocinsa ba su kai 150 ba, kuma ya tsara shi yana ɗan shekara 21. A ciki ya kawo saɓanin malamai: Ibnus Salah da Nawawi sun hana, wasu sun ce ya kamata a sani, shi kuma ya rinjayar da halascinsa ga mai lafiyayyen hankali da ya riƙi Alƙur'ani da Sunna. Kakanninmu sun karanta shi a zaurukan Zariya da Kano da Katsina da Sakkwato, har yanzu kuma akwai malaman da ke biya shi, sai dai sun yi ƙaranci.

Kirana ga masu tsara manhajar makarantun Islamiyya da na sakandare shi ne a dawo da wannan darasi, a fassara shi da Hausa mai sauƙi, a cika shi da misalan kasuwa da gona da wayar hannu, a koyar da shi ga manyan ɗalibai maza da mata. Ku kuma iyaye, ranar da ɗanku ko 'yarku ta yi muku tambayar da ta girgiza ku, kada ku rufe mata baki da tsawa. Ku zaunar da ita ku ji ƙarshen maganarta, in abin ya fi ƙarfinku ku kai ta wurin malamin da ya san fannin.